Tarukan Masu Son Barin Giya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Inda Zai Fara

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan samu daga mutanen da giya ta kama, da matansu, da iyayensu. Kusan kullum a ɓoye ake yin su, ko da murya ƙasa-ƙasa, ko a saƙon waya da tsakar dare, a ce "wani abokina ne ke tambaya". Ni ma da haka na fara, don haka na san nauyin abin a baki. Na tattara su wuri ɗaya domin mai bukata ya karanta shi kaɗai, ba sai ya haɗa ido da kowa ba.

Wane irin taro ne wannan, kuma su wa ke zuwa?

Zama ne na mutanen da giya ta zame wa jaraba, suna haɗuwa su taimaki juna su bari, su kuma ɗore a kan barin. Babu likita a gaba, babu mai wa'azi, babu jami'in gwamnati. Wanda ke jan ragamar zaman yau shi ma mashayi ne da ya daina, mako mai zuwa wani ne zai hau kujerar. Za ka ga direban tirela kusa da lauya, ɗalibi kusa da tsohon soja, wanda ya shekara 20 bai kurɓa ba kusa da wanda bakinsa ke warin ta daren jiya.

Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA, wato mashayan da ke sakaya sunansu. Tana da tarurruka a ƙasashe kusan 180, da mambobi kimanin miliyan 2. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba a cike fom, ba a rajista, ba a neman katin shaida.

Daga ina abin ya samo asali?

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannayen jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron na jihar Ohio a Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta ruguje. A lokacin rabonsa da giya kimanin wata biyar. Yana tsaye a harabar otal ɗin Mayflower, yana jiyo shewar masu sha daga sashen giya, ransa yana fizgarsa. Maimakon ya shiga, sai ya nufi tarho yana neman a haɗa shi da wani mashayi, ko wane ne, da zai yi wa magana. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar. Sai ga shi sun shafe awanni suna hira.

Abin lura a nan shi ne Bill bai je don ya yi wa likitan nasiha ba. Ya je ne don ya tsira da kansa. A kan wannan aka gina komai: mashayi ya fi saurin sauraron wanda ya sha irin wuyarsa, kuma mai taimakon shi ne farkon cin moriya. Ana lissafa 10 ga Yunin 1935, ranar da Dakta Bob ya yi shansa na ƙarshe, a matsayin ranar kafuwar ƙungiyar. A 1939 suka fitar da littafin da mambobi ke kira Babban Littafi, wanda har yau ake karantawa a tarurruka.

Ta yaya zan gane na kai matsayin da nake bukatar taro?

Ba wanda zai yanke maka wannan hukunci a can, kai ne za ka yi wa kanka. Amma tambayi kanka tsakaninka da Allah. Ka taɓa fita da niyyar kwalba ɗaya ka dawo ba ka san hanyar da ka biyo ba? Ka sha rantsewa ka daina, kafin mako ya zagayo ka koma? Kana tsayawa a kanti ka sayi Tom-Tom ko ka tauna kanumfari kafin ka yi sallama a gida? Kuɗin cefane ko na makarantar yara ya taɓa tafiya a gidan giya? Abin da ke bugar da kai bara yanzu ko gezau? Hannunka yana rawa da safe har sai ka ɗan kurɓa?

Mutane da yawa kan ce mini, "Ai ni duk azumi ba na taɓa ta." Madalla, amma idan ranar sallah da yamma ka wuce kai tsaye inda ka saba, kuma ka kwashe watan kana ƙirga kwanaki, to tsayawar ba ita ce matsalarka ba. Ɗorewa ce. Kuma babu ruwan jarabar da irin abin da ake sha: burkutu ne, goskolo ne, ogogoro ne, 'yar leda ce, ko mai tsadar da ake zubawa a kofin gilashi. Ba kai kaɗai ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar shan giya a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

Zan iya yanke ta yau ɗin nan, gobe in tafi taro?

Wannan ita ce amsar da na fi so ka karanta da kyau. Idan ka daɗe kana sha sosai kullum, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da barasa, in aka janye masa ita farat ɗaya, yakan yi bore. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ana fara karkarwa, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa wasu kan rikice, su yi ta sambatu da gane-gane, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Wannan matakin yana kisa in ba a kula da shi ba. A gidajenmu sau da yawa akan ɗauka aljanu ne ko sammu, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure.

Ka fara da asibiti. Likita zai ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki, yana rage shi a hankali, tare da bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Jos. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Ka gaya wa likita ainihin yawan abin da kake sha, kada ka rage, domin a kan wannan lissafi zai auna magani. Duk wanda ya taɓa jijjiga a wani yunƙurin bari da ya gabata, asibiti ya zama masa dole. Taro yana nan yana jiranka, kuma kana iya fara halarta tun kana shirin ganin likitan.

A ina zan sami taro?

Tarukan da ake yi ido da ido a Afirka ta Yamma sun fi yawa a manyan birane irin su Legas, Abuja da Akara, kuma yawanci da Turanci ake yi. Shafin ƙungiyar, aa.org, yana nuna yadda za a tuntuɓi ofisoshinta na ƙasashe. Akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide, wadda ke nuna tarukan da ke kusa da kai a wuraren da aka shigar da jadawalinsu. Mazauna Nijar, Kamaru da Chadi su nema da sunan Faransanci, Alcooliques Anonymes. Wata hanyar da ake mantawa da ita ita ce tambayar nas ko jami'in walwala a sashen ƙwaƙwalwa na asibiti, domin su ne suka fi sanin ƙananan rukunonin da ba a tallata su.

Kafin ka kashe kuɗin mota, ka kira ko ka aika saƙo ka tabbatar taron yana nan. Jadawali kan tsufa, wuri kan canja. In babu komai kusa da kai, duba amsa ta gaba, da kuma ta ƙarshe a wannan shafi.

Taron intanet fa, yana da amfani kuwa?

Yana da shi, kuma ga yawancin mutanenmu shi ne ƙofar farko. Tun lokacin korona a 2020 dubban rukunoni suka koma Zoom, da yawa kuma suka ci gaba. Shafin aa-intergroup.org yana ɗauke da jerin tarukan intanet na kowace awa, dare da rana, har da na Faransanci da na Larabci. Kana iya kashe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka saurara kawai. Kashe hoton yana rage cin data sosai. Ka lura da bambancin agogo: Nairobi tana gaban Kano da awa biyu, Johannesburg da awa ɗaya, Akara tana baya da awa ɗaya, New York kuwa tana baya da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara.

Nawa na farko a cikin mota na yi shi, a ƙofar gida bayan isha'i, gilasai a rufe, abin sauraro a kunne, gabana yana dukan uku-uku. Wata tsohuwa Baturiya ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalbarta a cikin injin wanki. A daidai lokacin tawa tana bayana, a ƙarƙashin tayar safaya. Ban ce uffan ba a daren, amma shi ne karon farko cikin shekaru da na ji wani ya faɗi abin da nake yi ba tare da ya tsine mini ba.

In Turancinka bai yi ƙarfi ba, kada ka fasa. Nemi tarukan da 'yan Afirka ke yi, harshensu ya fi sauƙin kamawa, kuma babu mai gyara wa wani nahawu a can.

Na ga an rubuta wasu tarukan buɗaɗɗu ne, wasu rufaffu. Mene ne bambancin?

Buɗaɗɗen taro, wanda akan yi wa alama da harafin O, kowa na iya zuwa: matarka, yayanka, likita, ɗalibi. Rufaffe, mai harafin C, na masu matsalar sha ne kaɗai. In kana son ka daina, ka cancanci shiga duka biyun.

Me ake yi a ciki, daga farko har ƙarshe?

Yawanci awa ɗaya ne. Mai jagoranci zai buɗe da ɗan shiru da gajeriyar addu'ar neman natsuwa, a karanta bayanin abin da ƙungiyar take, wani ya karanta sashe daga littafin. Za a tambaya ko akwai sabon zuwa, don a yi masa maraba ne kawai. Daga nan ko dai mutum ɗaya ya ba da tarihinsa na minti 20 zuwa 30, yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu, ko kuma a ɗauki wani batu kowa ya tofa albarkacin bakinsa na 'yan mintoci.

Ƙa'idar da ta fi ba sababbi mamaki ita ce ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a ba shi shawara a bainar jama'a. Kowa kansa yake magana a kai. Mu da muka saba da zaman majalisa, inda kafin ka rufe baki mutum uku sun gaya maka inda ka yi kuskure, wannan shirun kansa magani ne. A wasu rukunoni akan ba da ɗan ƙarfe kamar kwabo ga wanda ya cika kwana ɗaya, wata ɗaya, wata uku ko shekara. Bayan an tashi akan tsaya shan shayi. Kada ka yi saurin ficewa, domin a nan ake musayar lambar waya, kuma lambar wayar ita za ta cece ka ranar da abin ya motsa.

Dole ne in yi magana? Dole ne in ce ni mashayi ne?

A'a. In layi ya zo kanka, ka ce yau sauraro ka zo yi, za a wuce. Al'ada ce mutum ya fara da "sunana wane, ni mashayi ne", amma al'ada ce, ba doka ba. Wasu kan yi wata guda ba su buɗe baki ba. Shawarar da aka ba ni ita ce in nemi inda labarin mai magana ya yi kama da nawa, in bar lissafin inda muka bambanta. Zuciya takan so ta ce, "Ni ai ban kai wannan lalacewa ba." Ka bar ta ta faɗa, ka ci gaba da sauraro.

In na haɗu da wanda ya san ni fa? Asirina zai rufu?

Wannan fargaba ba ta banza ba ce. A wurinmu sunan mashayi yana hana mutum aure, yana taɓa 'ya'yansa mata, yana iya raba shi da aiki. A jihohin arewa da suka ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi a gaban kotu. Shi ya sa sakaya suna ya zama ginshiƙin tafiyar: sunan farko kawai ake faɗa, ba a ɗaukar hoto, ba a naɗar murya, ba a rubuta sunayen mahalarta, kuma ana tunatarwa cewa wanda ka gani da abin da ka ji su tsaya a ɗakin. In ka ga wanda ka sani, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, asirinku a hannun juna yake.

Duk da haka ka yi hattara. Wannan alkawari ne na mutunci tsakanin mutane, ba doka ce ke tsare shi ba. Abin da zai iya jefa ka ko wani cikin shari'a, ko sirrin aurenka, kada ka zube shi a gaban taro. Ka ajiye wa mutum ɗaya da ka amince da shi, kamar jagoran da zan yi bayaninsa a gaba. In ka haɗu da ɗan taro a kasuwa yana tare da iyalinsa, gaisuwa ta isa.

Nawa ake biya?

Ko kwabo. Akan zagaya da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don kuɗin ɗaki da shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje, ko na gwamnati ko na attajiri. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista da sunan AA, ba ita ba ce.

Ni Musulmi ne. Wannan ba harkar Kiristoci ba ce?

Gaskiya ne waɗanda suka kafa ta sun fito ne daga wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Oxford Group, kuma tarurruka da yawa a harabar coci ake yi saboda sauƙin haya. Wasu rukunonin suna rufewa da Addu'ar Ubangiji ta Kiristoci. Amma ƙungiyar ta bayyana ƙarara cewa ba ta jingina da wani addini, ɗariƙa ko siyasa ba, kuma inda matakanta 12, waɗanda zan yi bayaninsu a gaba, suka ambaci Allah sun bar wa kowa fahimtarsa. Ba wanda zai ce ka maimaita abin da ya saɓa wa aƙidarka. In an zo addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka a zuci. Haka nake yi. Akwai kuma Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore ta Amurka a 1989, suka gina irin waɗannan matakai a kan Alƙur'ani da Sunna. 'Yan'uwa Kiristoci masu karanta wannan, ku ma babu mai taɓa imaninku a can.

Wasu kan ce tuba da istigfari ai sun isa. Tuba wajibi ce, ba na jayayya. Amma mutum nawa ne suka tuba da hawaye a sujada, suka koma kafin Juma'a? Ba ƙarancin imani ne kaɗai ba, jiki da ƙwaƙwalwa sun riga sun kamu. Ko haramcin giya a Alƙur'ani daki-daki ya sauka, daga Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, kafin hukuncin ƙarshe a Ma'ida aya ta 90. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa bulala kan giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan hadisi ya riƙe ni a lokacin da na ɗauka ƙofa ta rufe.

Ba tona wa kai asiri ba ne, bayan Allah ya rufa?

Abin da aka hana shi ne mutum ya kwana yana saɓo, ya wayi gari yana ba da labari da alfahari. A fahimtata, wanda ya gaya wa likita ciwonsa don a yi masa magani ba wannan ya yi ba, haka ma wanda ya faɗi rauninsa a cikin masu neman tsira irinsa. Kuma ba a bukatar ka zayyana kowane abu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa da riƙon amanarsa.

Mene ne matakai 12 ɗin da ake ta faɗa?

Su ne hanyar da ƙungiyar ke ba da shawarar a bi. Ana farawa da amincewa cewa giya ta fi ƙarfinka kuma rayuwarka ta kuɓuce maka, sannan ka miƙa lamarinka ga Allah. Daga nan sai ka zauna da biro da takarda ka yi wa kanka hisabi ba sani ba sabo, ka karanta wa mutum ɗaya amintacce, ka roƙi a yaye maka munanan halayenka. Mataki na 8 da na 9 su ne masu ɗaci: ka rubuta sunan duk wanda ka cuta, ka je ka gyara, sai dai in zuwan zai ƙara cutar da shi ko wani. Bashin da ka ci ka biya, matar da ka wulaƙanta ka nemi afuwarta da aiki, ba da baki kaɗai ba. Musulmi zai gane wannan nan take, domin mayar da haƙƙi sharaɗi ne na tuba. Na ƙarshen su ne ci gaba da bincikar kai kullum, addu'a, da kai saƙon ga wani mashayin. Ba a yin su cikin mako ɗaya, kuma ba a yin su kai kaɗai.

Wane ne jagora, kuma yaya ake samunsa?

Shi ne wanda suke kira sifonsa: ɗan taro da ya riga ka daɗewa da bari, ya bi matakan, ya yarda ya riƙe hannunka. Shi kake kira ƙarfe 11 na dare in ƙafarka tana son ta kai ka inda ka saba. Ka halarci zama da yawa tukuna, ka lura da wanda maganarsa da halinsa suka yi daidai, sannan ka same shi bayan an tashi ka roƙe shi. An fi so ya kasance ya haura shekara bai sha ba, namiji ga namiji, mace ga mace. Ba ubangidanka ba ne, ba bankinka ba ne, ba likitanka ba ne. In ba ku daidaita ba kana iya canjawa, ba laifi.

Ni mace ce. Akwai wurina?

Akwai, 'yar'uwa. Na san naki ya fi nauyi, domin abin da za a yi wa namiji uzuri a kai, ke sai a ce kin gama lalacewa, shi ya sa mata da yawa ke sha a uwar ɗaka har hanta ta lalace ba wanda ya sani. Akwai tarukan mata zalla, musamman a intanet, kuma su nake ba ki shawarar ki fara da su. A taron da ake gauraye, ki karɓi lambar waya daga mata kawai. Duk namijin da ya fara nuna miki kulawa ta daban kina sabuwar zuwa, ki gaya wa wata tsohuwar 'yar taro. In kina da juna biyu, ki ga likita da gaggawa ki faɗa masa gaskiya, domin barasa tana illata jariri a ciki.

Abin yana aiki kuwa? In bai karɓe ni ba fa?

A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta duba nazari 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta gano cewa shirye-shiryen da ke shigar da mutane AA sun kai sauran hanyoyin jinya da ake ji da su, kuma ta fuskar barin sha gaba ɗaya sukan fi su. Wannan ba ya nufin kowa zai dace. Kafin ka yanke hukunci, gwada rukunoni daban-daban har biyar ko shida, don kowanne da yanayinsa. In zancen matakai bai kwanta maka ba, akwai SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, tana koyar da dabarun sarrafa sha'awa da tunani. In kana haɗa giya da tiramol, kodin ko wiwi, akwai Narcotics Anonymous, wadda ta fara a 1953.

Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa, irin su naltrexone da acamprosate, masu taimakawa wajen hana komawa. Shan su bai saɓa wa zuwa taro ba. Duk ɗan taron da ya ce ka jefar da maganin da likita ya ba ka, na baƙin ciki ne ko na wani ciwo, ya wuce gona da iri, ƙungiyar da kanta ta hana mambobi shiga aikin likita.

Na daina, sai na koma. Da wane ido zan kalle su?

Da idon da ka zo da shi ranar farko. Ba a korar kowa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin sun taɓa faɗuwa. Abin da ke halaka mutum shi ne kunyar da ke hana shi dawowa, kwana ɗaya ya zama wata shida. Ka kira jagoranka yau. In shan ya ɗauki kwanaki, koma ka karanta amsar da ke kan yanke giya farat ɗaya, domin boren jiki yakan ƙara tsanani a kowane zagaye.

Sannan ku zauna ku bi sawun abin da ya faru. 'Yan taro suna gargaɗi kan abu huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ni zan ƙara ranar albashi, daren biki, da hanyar da ke bi ta ƙofar gidan giya. Na canja hanyar komawa gida, ta ƙara mini minti 15, kuma har yau ita nake bi. Akan shawarci sabo ya halarci taro 90 cikin kwana 90, abin da intanet ya sauƙaƙa. Kuma ba a ɗaukar alkawarin har abada, na yau kaɗai ake ɗauka. In ka zo taro da maye a jikinka za a bar ka ka zauna ka saurara muddin ba ka ta da hankali ba, amma kada ka tuƙo mota ko babur.

Mijina ne ke sha, ko ɗana. Me zan yi?

Akwai taro naku na daban, Al-Anon, wanda Lois, matar Bill Wilson, ta taimaka aka kafa a 1951, kuma shi ma ana yin sa a intanet. Abu uku ake fara koya wa iyali: ba ke kika jawo ba, ba ki da ikon hana shi, kuma ba ke za ki warkar da shi ba. Zubar da kwalabe da binciken aljihu ba sa hana sha. Yi masa ƙarya a wurin aiki da biya masa bashi kuwa jinkirta ranar da zai farka suke yi. Ki yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, ki nuna masa wannan shafi, ki yi tayin raka shi asibiti ko buɗaɗɗen taro. In yana duka, tsira da kanki da yaranki shi ne farko, ki sanar da magabatanki.

Iyaye, ina roƙonku kada ku kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Mari ba ya cire jaraba, kuma wanda aka yanke wa giya farat ɗaya aka kulle ba likita, rayuwarsa tana cikin haɗari.

Babu taro a garinmu, kuma ina son na Hausa. Za mu iya fara namu?

Za ku iya. A ƙa'idar ƙungiyar, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don neman barin sha suna iya kiran kansu rukunin AA, muddin ba su jingina da wata ƙungiya ba. Zai fi kyau ɗayanku ya ɗan kwana biyu yana halartar na intanet, yana da jagora, don ya san yadda ake tafiyar da zama. Babban ofishin ƙungiyar da ke New York yana amsa wasiƙun masu son buɗe sabon rukuni, yana kuma taimaka musu da bayanai.

Ku sami wurin da shiga da fita ba za ta ja ido ba: shagon ɗayanku bayan an tashi, aji a makaranta da yamma, ko kiran murya ta WhatsApp in nisa ya raba ku. Ku tsayar da rana da lokaci, kada ku riƙa canjawa. Wanda ke jin Turanci ya karanta sashe ya fassara, kowa ya yi maganarsa ba katsewa, a sha shayi, a tashi a kan lokaci. Makulli da jagoranci su riƙa zagayawa, kada wani ya zama sarkin taro. Ran da ba wanda ya zo, mai makulli ya buɗe ya zauna har awar ta cika. Bill da Dakta Bob sun sami mutum na uku ne ta hanyar tuntuɓar asibitin birnin Akron suna tambaya ko akwai mashayi a kwance. Ku ma ku sayi layin waya na daban, ku rubuta lambar a takarda, ku kai wa nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa mafi kusa da ku, ta miƙa wa duk wanda za a sallama.